Fuskar Yusufu a Ƙarƙashin Fenti

Akwai wata yarinya 'yar shekara tara da babanta yake aikin kuku a jirgin ruwa. Ba ƙaramin jirgi ba, irin manyan nan masu ɗaukar kaya. In ya tashi, sai a yi wata takwas ba a ga Baba a gida ba.

Su uku ne a gidan: ita da Mama da Kaka. Sunan Kaka aka sa mata, shi ya sa Kaka take ce mata Takwara. Baba kuwa bakinsa ba ya iya kiran sunan mahaifiyarsa. Sai dai ya ce mata Uwata.

Yarinyar tana kewar babanta ƙwarai. Akwai wata rigarsa a rataye a bayan ƙofa. In ba kowa a ɗakin, sai ta cusa fuskarta a ciki. Ƙamshinsa ya daɗe da barin rigar, amma ita ba ta daina ba.

A saman kabad ɗin falo akwai wani kwali. Sau ɗaya ake sauko da shi a shekara, in lokacin jiran Kirsimeti ya kama. Mako huɗu ake yi ana jira. Kowace Lahadi a ƙara kunna kyandir ɗaya, ana tuna yadda mutanen dā suka jira zuwan Mai Ceto.

A cikin kwalin akwai 'yan mutum-mutumi na haihuwar Yesu. Sai dai ba a kanti ɗaya aka saye su ba. Abokan aikin Baba daga ƙasashe daban-daban suke. Su suka yi ta ba shi, wannan bana, wancan baɗi.

Yusufu na baƙin itace ne, dogo, mai faffaɗan hanci. Maryamu ta gora ce, 'yar siririya, mai ƙananan idanu. Makiyayi na jan yumɓu ne, da hula mai rufe kunnuwa. A gefensa akwai wata dabba mai dogon wuya, ita ba tunkiya ba, ita ba raƙumi ba. Masana uku da suka bi tauraro, ɗaya na gwangwani ne, ɗaya na gilashi, ɗaya na ƙyalle. Jaririn kuwa da ɓawon masara aka yi shi.

Kowace shekara Baba ne yake jera su da hannunsa. Bana jirgi ya makara.

Ranar Lahadin farko, bayan an taso daga coci, wayar Mama ta yi ƙara. Sau ɗaya a mako Baba yake samun kira daga teku, minti goma kacal. Fuskarsa ta fito a wayar, da farar hularsa ta kuku.

"Uwata, kina ji na?"

"Ina jin ka, Baba. Yaushe za ka dawo?"

"Ke, ko gaisuwa babu?"

"Ina wuni. Yaushe za ka dawo?"

Baba ya yi dariya. "Kyaftin ya ce kafin Kirsimeti, in teku ya yarda."

Kaka ta turo kanta gaban wayar. "Ka gaya wa kyaftin ɗin nan, in bai kawo mini ɗana ba, zan zo in tuƙa jirgin da kaina."

Yarinyar ta ce, "Ke da ko kwalbati ba kya tsallakawa sai an riƙe miki hannu?"

"Ji bakinta. Ni da ɗana nake magana."

Da dariya ta lafa, Baba ya ce, "Uwata, bana ke ce mai kwali. Na ba ki amanar mutanena. Ki jera su, ki riƙa share musu ƙura. Kowace Lahadi ki nuna mini su."

"To, Baba."

Ran nan ta jera su a kan ƙaramin tebur kusa da taga. Sau uku tana sauya musu wuri. Ji take kamar an naɗa ta sarauta.

A cikin makon, Malama ta makarantar Lahadi ta aiko da saƙo. Duk wanda yake da 'yan mutum-mutumin haihuwar Yesu a gida, ya zo da su a gani. Mama ta yarda, bayan ta ja mata kunne sau biyu.

Ranar Lahadi ta biyu, 'yar wani mai kanti ita ma ta zo da nata. Sababbi ne fil, daga masana'anta. Tsayinsu ɗaya, launinsu ɗaya, duk farare tas da ɗigon ruwan zinariya. Yara suka kewaye su suna kallo.

Sai yarinyarmu ta buɗe kwalin Baba.

A ajin akwai wani yaro da ake kira Rediyo, saboda ba a san inda ake kashe bakinsa ba. Ya leƙo, ya karkace kai.

"Waɗannan a tasha suka haɗu?"

Yara suka fara dariya.

"Uwa daban, uba daban, ɗa kuma na masara. In kaji suka gan shi, an gama Kirsimeti." Ya nuna dabbar. "Wannan fa? Tunkiya ce ta leƙa katanga wuyanta ya ƙi komawa?"

Aji ya ɗauka da dariya. Har da masu riƙe ciki.

Malama ta buga tebur. "Ya isa haka. Rediyo, koma ka zauna." Ta juya ga yarinyar. "Zo ki ba mu labarinsu. Daga ina suka zo?"

Amma yarinyar ta riga ta fara mayar da su kwali. Kunnuwanta sun yi zafi. Ta ce, "Ban sani ba, Malama."

Kada wani babba ya zo ya ce dariyar yara ba ta da ciwo. Duk wanda ya faɗi haka, mantawa ya yi. Dariyar nan ta bi yarinyar har gida. Da Baba ya kira da rana, daga nesa ta nuna masa teburin, ta mayar wa Mama waya.

Ranar Litinin ta dawo daga makaranta. Mama tana shagonta na ɗinki. Kaka ta sha maganin ƙafa ta kwanta. Yarinyar ta tsaya gaban tebur tana kallon mutanen Baba. Jiya da safe kyawawa ne. Yau sai ta ga lallai kamar a tasha suka haɗu.

A bayan kicin akwai sauran fentin da aka shafa wa taga, fari mai ruwan madara. Ta ɗauko gwangwanin. Ta ɗauko tsohon burushin haƙori.

Ta ce a ranta, "In duk suka zama launi ɗaya, ai sun zama 'yan gida ɗaya. In sun bushe, sai in zana musu idanu da biro."

Da Yusufu ta fara, don shi ya fi kowa baƙi. Ta shafa, ta ƙara shafawa. Ta ɗauki makiyayi, ta tsoma shi har hula. Ta ɗauki masanin nan na ƙyalle, ta fara daga rigarsa.

Sai ta waiga ta kalli Yusufu.

Ba ido, ba hanci, ba baki. Fenti ya cike ko'ina. Ya koma kamar ƙaton alli.

Ta ruga famfo da shi. Ta wanke, ta sa sabulu, ta cuɗa. Ruwa ya riƙa zamewa ta kai yana wucewa. Fentin mai ne, ba ruwansa da ruwa. Hannuwanta ma suka yi fari.

Ta naɗe su ukun a jarida, ta sa su a kwali, ta tura kwalin ƙarƙashin kujera.

Ba a jima ba Kaka ta fito tana jan ƙafa. Ta tsaya tsakiyar falo, ta shaƙi iska.

"Wa yake fenti a gidan nan?"

"Ba kowa."

"Takwara, idona ya tsufa, ƙafata ta tsufa, amma hancina yana nan da ƙuruciyarsa. Nuna mini hannunki."

Ta nuna. Kaka ta dubi hannun, ta dubi tebur, ta ga gurbi uku.

"Fito da su."

Da aka warware jaridar, takarda ta manne a jikin Yusufu. Kaka ta zauna a hankali. Yarinyar ta zaci faɗa zai fara nan take. Ya fara ɗin, amma sai da Kaka ta ja numfashi.

"Wane mai hankalin ne ya ba ki wannan shawara? Gaya mini in je in gaishe shi."

"Dariya suka yi mini. Sun ce ba su yi kama da juna ba."

"To sai me? Ni da ke mun yi kama? Ga ki baƙa ga ni ja. In je in ɗauko sauran fentin in shafe ki?"

Yarinyar ta fashe da kuka.

"Yi kukanki, amma ki buɗe kunne. Kin san wanda ya sassaƙa wannan?"

Ta girgiza kai.

"Injiniyan jirginsu ne. Yana tsakiyar teku aka aiko masa mahaifinsa ya rasu. Bai ga gawa ba, bai je jana'iza ba. Ya kwanta ciwo, ya ƙi cin abinci. Ubanki ne ya riƙa dafa masa romo yana ba shi a baki. Da ya warke, ya samu itace ya yi wata uku yana sassaƙa. Fuskar mahaifinsa ya sa wa Yusufu. Ya ce mahaifinsa ma kafinta ne, kamar Yusufu. Ranar da zai bar aiki, ya ba ubanki."

Kaka ta ɗaga farin abin sama.

"Fuskar uban wani ce kika shafe, Takwara."

Da Mama ta dawo, ba ta ɗaga murya ba. Ta daɗe tana kallon su. Sannan ta ce, "Ba zan doke ki ba. Amma ba ni zan gaya wa babanki ba. Ke ya ba amana, ke za ki gaya masa ranar Lahadi."

Yarinyar ta ce, "Mama, gara ki doke ni."

"Na sani. Shi ya sa ba zan yi ba."

Washegari Mama ta kai ta wurin mai fenti da ke ƙarshen layi. Kowa Kawu yake ce masa. Shagonsa cike yake da gwangwanaye, da burusai a jiƙe cikin kwano. Wandonsa kuwa babu launin da babu a jiki.

Ya juya Yusufu a hannunsa. "Wa ya yi wannan aika-aika?"

"Ni ce, Kawu."

"To, in kin girma kada ki nemi aiki a wurina."

Ya ɗauki makiyayin, ya ƙwanƙwasa shi da farce. "Wannan kam sai haƙuri. Yumɓu ne, ya sha fentin har ciki. Ba zai mayar ba."

Mama ta karɓi masanin ƙyalle. "Shi wannan rigarsa ce kawai ta ɓaci. Zan ɗinka masa wata."

"Yusufu fa?" in ji yarinyar.

"Shi itace ne mai tauri. Yana nan a ciki, bai je ko'ina ba." Kawu ya zuba mata kananzir a 'yar kwalba. Ya naɗa auduga a kan tsinken ashana, ya tsoma, ya goga wuri ɗaya a kafaɗa. A hankali wani ɗan baƙi ya leƙo, bai fi ƙwayar gero ba.

"Kin gani? Haka za ki yi. Ban da wuƙa, ban da reza. In kika kankare, kin tafi da fuskar. Ki bi inda wuƙar mai sassaƙa ta bi. A waje za ki zauna, inda iska take, kuma nesa da wuta. Babba ya zauna kusa da ke."

"Kwana nawa zai ɗauka?"

"Minti nawa kika yi kina shafawa?"

"Kamar biyar."

"To ki sa ran mako biyu. Haka aikin yake."

Kullum in ta dawo daga makaranta, sai ta zauna a bakin ƙofa da tsinke da auduga. Kaka tana gefe a kan kujera, tana gadi tana mita. Yatsun yarinyar suka yi ciwo. Ƙafafun Yusufu suka fito. Hannunsa ya fito, riƙe da 'yar guduma. Fuskar ce ta ƙi, don nan fenti ya fi kauri.

Tun da Baba ya tafi, kullum ƙirga kwanaki take yi Lahadi ta zo. Wannan makon kuwa so take Asabar ta tsaya cak. Tana son ganin fuskarsa, tana kuma tsoron ganin ta.

Lahadi ba ta jira ta ba. Ta zo.

A makarantar Lahadi, Malama ta kira ta gefe. "Ina mutanenki? Na so ki sake kawo su."

Yarinyar ta gaya mata duk abin da ya faru. Sai Malama ta tara yara.

"Wa ya taɓa ganin hoton Yesu na gaske?" ta tambaya.

Ba wanda ya ɗaga hannu. Ko Rediyo.

"Ba wanda yake da shi. A lokacin babu kyamara. Shi ya sa in mutane za su zana shi, sai su duba jariran gidansu. Baƙi su yi shi baƙi. Masu ƙananan idanu su yi shi da ƙananan idanu. Wanda yake da itace ya yi da itace, mai masara ya yi da masara. Kowa yana cewa, namu ne. Kuma duk sun yi gaskiya, don saboda dukan mutane ya zo. Abin da kuka yi wa dariya ran nan, shi ya fi komai kyau a ɗakin nan."

Da aka tashi, Rediyo ya biyo ta yana sosa ƙeya. "Ni fa wasa nake yi."

"Wasanka zai ci mini mako biyu."

"Yi haƙuri." Ya matso kusa da ita. "Amma tsakani da Allah, mece ce dabbar nan?"

"Ban sani ba. Zan tambayi Baba."

Da rana wayar ta yi ƙara. Mama ta miƙa mata.

"Uwata. Ina mutanena?"

Ta ɗauko Yusufu da makiyayi, ta ɗaga su gaban wayar.

"Baba, na ɓata su. An yi mini dariya, na ji kunya, na shafa musu fenti don su zama iri ɗaya. Kawu ya ce makiyayi ba zai gyaru ba. Ba wanda ya sa ni. Ka yi haƙuri."

Murmushin Baba ya tafi. Ya matso da fuskarsa kusa. Ya buɗe baki zai yi magana.

Sai hoton ya tsaya. Wayar ta yi ɗif.

Suka jira. Ba a sake kira ba.

"Fushi ya yi," in ji yarinyar. "Shi ya kashe."

Mama ta ce, "Layi ne ya yanke. Kin san teku."

"In kuma ba layi ba ne fa?"

Mama ta dai jawo ta jikinta.

Makon nan ya yi tsawo. Yarinyar ba ta da abin yi sai tsinke da auduga. Ranar Talata hanci ya fito. Ranar Laraba ido ɗaya ya buɗe yana kallon ta. Ta ajiye tsinken, ita ma ta kalle shi.

Shekara nawa Yusufu yana gidansu, ashe ba ta taɓa kallon sa da kyau ba. Akwai layi uku a goshinsa. Akwai ɗan tabo a kumatun hagu. Kunne ɗaya ya fi ɗaya girma. Bakinsa kamar na mutumin da ya gaji amma yana so ya yi murmushi.

"Kaka, wannan tsohon yana da kirki."

"Da kika rufe masa fuska ai bai ce miki komai ba. Ni ce da kin ji a jikinki."

Ranar Lahadi ta huɗu aka kunna kyandir na ƙarshe. Yarinyar ta ajiye wayar Mama a kan tebur, ta zauna gabanta. An zuba abinci, ta ce ba ta jin yunwa. Rana ta yi sanyi. Wayar ba ta yi ƙara ba.

Kaka ma ran nan ba ta yi mita ba. Ta riƙe hannun takwararta, suka yi addu'a tare. Yarinyar ta ce, "Ya Ubangiji, ko yana fushi da ni, ka dai kawo shi gida."

Saura kwana biyu Kirsimeti, da hantsi, tana bakin ƙofa tana goge bayan kunnen Yusufu. Wata tasi ta tsaya. Aka sauke jaka ɗaya, aka sauke ta biyu.

"Masu gida suna nan kuwa?"

Wata takwas tana shirya yadda za ta ruga ta ɗafe shi. Yau ga shi a gabanta, ƙafarta ta ƙi tashi. Ta miƙe tsaye kawai, Yusufu a hannunta.

Baba ya ajiye jaka. "Uwata, sai na biya kuɗin shiga ne?"

Sai ta ruga. Ya ɗaga ta sama, da ita da Yusufu da warin kananzir. Kaka ta fito tana cewa ya rame, wai kuku guda a ce bai iya ciyar da kansa ba. Mama tana dariya tana share ido.

Bayan ya sha ruwa ya huta, ya ce, "Kawo su in gani."

Ta kawo. Ya karɓi Yusufu, ya kai shi bakin taga. Ya daɗe yana juya shi.

"Ke kika fito da shi?"

"Ni ce. Amma na cikin gemun ya ƙi fita."

Baba ya shafa gemun da yatsa. Farin fenti ya maƙale a tsakanin gashin, siri-siri.

"Bar shi haka. Abokina ya ce tsohon yana da furfura."

"Baba, kai ka kashe wayar ran nan?"

"Ni? Iska ce ta taso mana. Kwana tara ba layi. Tukwanena ma sai da na ɗaure su da igiya." Ya zaunar da ita kusa da shi. "Ba zan ɓoye miki ba, na ji zafi. Na yi kwana biyu abin yana cin raina. Amma duk lokacin da na tuna, sai in ga yarinya ta ɗaga laifinta da hannunta tana nuna mini. Manya da yawa ba sa iya wannan."

Ta ɗauko makiyayin. Yana nan fari fat, ba fuska. "Shi fa?"

"Wanda ya yi shi yana jirginmu har yanzu. Shi yake ɗaure kaya. Na gaya masa."

"Ya yi fushi?"

"Dariya ya yi har ya zauna a ƙasa. Ya ce ɗansa ya taɓa yi wa kyanwarsu fenti. Amma ya ba ni saƙo. Ya ce ki yi masa makiyayi da hannunki, mai fuskar mutanenmu, in kai wa 'ya'yansa. Su ma suna da tebur irin wannan, kuma ba su da kowa daga wajenmu."

Baba ya dubi teburin. "Sai da ya faɗa na lura. Mu ma ba mu da shi. Na tara na ko'ina, na manta da na gida."

Da yamma suka je wurin mai tukwane suka samo yumɓu. Suka zauna a tsakar gida, Baba yana kwaɓawa, ita tana ginawa. Biyu ta yi, ɗaya na tafiya, ɗaya na gida. Ba su yi kyau sosai ba. Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Amma ta ɗauki lokaci a kan fuskokin.

Kaka ta zo wucewa, ta tsaya. Ta sunkuya ta duba na gidan. Ga ɗankwali, ga sanda, ga baki a buɗe.

"Takwara, wace ce wannan?"

"Makiyayiya ce."

"Na ce wace ce?"

"Ke ce. Ai kin iya kora."

"Bakin fa, me ya sa kika bar shi a hangame?"

"Don kada faɗa ya tsaya."

Baba ya yi dariya har da hawaye. Kaka ta ɗaga sandarta, sannan ta sauke. Ta ce a dai gyara mata hanci, nata bai kai haka faɗi ba.

Ranar Kirsimeti da safe yumɓun ya bushe. Yarinyar ta ɗauki kwalin da kanta zuwa coci, Baba yana gefenta. Ta jera su a gaban yara, ta faɗi labarin kowa ɗaya bayan ɗaya. Ta faɗi abin da ta yi, ba ta rage komai ba. Ba wanda ya yi dariya sai da aka zo kan Kaka.

Yara, ga abin da yarinyar nan ta koya. Yesu ya zo ne saboda dukan mutane, kowa da irin fuskar da Allah ya ba shi. Ba sai mun zama launi ɗaya za mu zama 'yan gida ɗaya ba. Kada dariyar wani ta sa ka ɓata abin da aka ba ka amana. In kuma ka riga ka ɓata, faɗi gaskiya da bakinka, ka zauna ka gyara da hannunka.